Rakiyar Amarya Zuwa Tsibiri

A cikin duk abubuwan da suka faru a gidanmu na Anguwan Rogo, akwai guda ɗaya da na tabbata ko tsufa ya ci ƙarfina ba zai fita daga raina ba, wato lokacin da kalmar Turanci guda ɗaya ta sa mahaifinmu ya bi maƙwabta gida-gida yana neman gafara. A lokacin ina shekarata ta farko a jami'a, can Naraguta, wayar salula kuma ba ta daɗe da shigowa hannun talakawa ba.

Baba tela ne. Yana da amini, wani kafinta Kirista, wanda shagonsa ke manne da na Baba tun kafin a haife mu. Iyayensu maza tare suka yi aikin haƙar kuza, su ma tare suka tashi. 'Yarsa ta fari sa'ata ce, a gidanmu take cin tuwon Sallah, ni kuma a gidansu nake cin shinkafar Kirsimeti. Da rikici ya zo ya raba unguwannin garin, suka tattara suka koma wajen Gada Biyu, ba a jima ba ciwo ya kwantar da shi. Ranar da Baba ya je duba shi na ƙarshe, ya kama hannun Baba ya ce ga yaransa nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma Baba ya riƙe maganar da hannu bibbiyu.

Bayan 'yan shekaru da rasuwarsa sai ga waya daga ƙawar tawa. Ba na gida, amma an ba ni labarin sau da yawa har ina jin kamar a gabana aka yi. Baba yana kan keke yana ɗinki wayar ta yi ƙara, ya ɗaga da irin ihun da yake yi a waya, kamar wanda ke magana da mutumin da ke ƙetaren kasuwa.

"Baba, an sa ranar bikina," in ji ta, da Hausarmu ta Jos mai gauraye da Turanci. "Mama ta ce kai ne za ka tsaya a madadin Papa. Ina so ka yi wokin ɗina dawun di ayil."

"To, 'yata, an gama. Allah Ya sanya alheri."

Yana faɗin haka katinta ya ƙare. Baba ya ajiye waya yana ta murna, sai da ya mayar da ƙafa kan keke sannan ya tuna bai san abin da ya amsa zai yi ba.

Ya aika aka kira Kawu. Kawu yayan Umma ne, a ƙuruciyarsa ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen kamfanin kuza, kuma tun daga nan ya naɗa kansa alƙalin Turanci na unguwa baki ɗaya. Ban taɓa jin an tambaye shi ma'anar wata kalma ya ce bai sani ba. Ya sa Baba ya maimaita maganar, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Ayil tsibiri ne," ya ce. "Ita kanta ƙasar Ingila haka suke kiranta. Dawun kuwa gangarawa ce. Cewa ta yi ka gangara da ita tsibiri."

"Wane tsibiri kuma a Jos, Yaya?"

"Al'adarsu ce, Malam. Masu hali Legas suke tafiya. Marasa hali kuwa, ba ka ga kududdufan kuza na Naraguta ba? Akwai mai tudu a tsakiya. Uban amarya ne ke tsallakar da ita, ango yana can yana jira."

Nan tsoro ya kama Baba. Duk wanda ya san Baba ya san babu abin da yake tsoro a duniya kamar ruwa. Kakarmu ta raine su da labaran kududdufan kuza masu haɗiye mutane, har ya girma ko kwata ce ta cika ta tare hanya, zagayawa yake yi ta wani lungun. Za ku ce me ya hana shi ya sake kiranta ya tambaya. Kunya ce. Yana ganin idan ya kira yana tambaye-tambaye, marainiya za ta ɗauka hanyar zillewa yake nema.

Ranar Juma'a da yamma na dawo gida hutun ƙarshen mako. Tun daga zaure na ga abin mamaki, wani ƙaton tiyub na babbar mota a jingine, an hura shi tam. A tsakar gida Umma na zaune ta zabga tagumi. Baba kuwa ya shigo da kekensa daga shago yana ɗinka wata falmaran mai ruwan lemo, yana cusa mata yankakken soson katifa ciki da waje, har ta yi kama da matashin kai mai hannuwa. Kafin in ajiye jaka wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Malam, mun yafe, mu ma a yafe mana. Allah Ya kai lafiya Ya dawo da kai lafiya."

"Umma, Makka Baba zai tafi?"

"Ina fa Makka. Ruwa zai shiga. Tambaye shi."

Baba bai ɗago ba. "Rigar ruwa ce, Uwata," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Yayan Ummanku ya ce irinta Turawa ke sawa."

Umma ta tashi, ta zare falmaran daga bakin keke, ta jefa ta cikin bahon wanki. Muka tsaya mu uku muna kallo. Rigar ta ɗan yi yawo a sama kamar abin kirki, sannan ta fara shan ruwa tana tsuwwa, ta shanye kusan rabin bahon, ta kwanta a ƙasa. Da Baba ya ciro ta sai da ya sa hannu biyu.

"Wannan ko mai iyo aka sa wa, sai dai a yi masa addu'a," in ji Umma.

Da aka mayar mini da maganar yadda ƙawata ta faɗe ta, dariya ta kayar da ni a kan tabarma. Na yi ta yi har da hawaye, Umma na dukan bayana tana cewa ba a yi wa uba dariya. Da na samu numfashi na ce ai ba tsibiri ba ne, hanyar nan ce da ake bari tsakanin kujeru a coci. Uba ne ke rako amarya ta nan, daga ƙofa zuwa gaban fasto, shi ke nan.

Baba ya dube ni, fuskarsa ta fara washewa. Daidai nan Kawu ya yi sallama.

Ban taɓa ganin mutum ya ji haushin labari mai daɗi irin Kawu a ranar ba. Ya ce shi da ya dafa wa Bature abinci tun uwata ba ta san hanyar makaranta ba, yarinyar da ba ta rufa shekara a jami'a ba za ta gyara masa Turanci? Na ce kalmomin biyu ne, faɗarsu ce ɗaya, rubutunsu daban, tawa tana da harafin a a gaba. Ya ce harafi ɗaya ba ya ƙafar da ruwa. Muka yi ta yi har aka kira magariba. Baba yana tsakiya, in na yi magana ya ji sanyi, in Kawu ya yi ya dubi tiyub. Daga ƙarshe ya ce shi rayuwarsa ake magana a kai, a nemo masa wanda ya fi mu sani.

Haka aka yi ranar Litinin na tafi makaranta da Kawu a bayana, ya sha wata tsohuwar kwat mai warin kafur a kan kaftani. Na so ƙasa ta tsage in shige lokacin da muke ratsa 'yan ajinmu. Na kai shi ofishin wata malamarmu, dattijuwa, mai koyar da tarihin harshen Ingilishi. Kawu ya gaishe ta da wani irin Turanci na zamanin da, har ta cire tabarau ta ƙara kallonsa, sannan ta mayar da hirar Hausa.

Ta saurare mu tsaf, tana danne dariya. Ta ɗauki alli ta rubuta kalmomin biyu a ƙaramin allon da ke bango, aisle a sama, isle a ƙasa. Ta ce duka biyun ayil ake faɗa. Ta ƙasa tsibiri ce, ta sama kuwa hanya ce mai ratsa tsakanin layukan kujeru, ko a coci, ko a jirgi, ko a bas, har ma hanyar da ke tsakanin kantocin kaya a manyan shaguna. Na dubi Kawu ina murmushi. Da a nan ta tsaya da na ci nasara, amma malami ba ya ganin ɗalibi ya ƙyale shi.

Ta ce asalin kalmar ba ta da alaƙa da hanya. Daga Faransanci ta shigo, su kuma daga Latin suka samo ta, inda take nufin fiffike. Tsofaffin coci-coci suna da babban fili a tsakiya da wasu sassa biyu a gefe, dama da hagu, kamar tsuntsu ya buɗe fikafikansa, waɗannan sassan aka fara kira da sunan. Daga baya ma'anar ta zame ta koma kan hanyar da ake bi. Ta sa yatsa a kan harafin s ta ce wannan kuwa ba nata ba ne tun asali, shi ya sa ba a furta shi. Mutane ne suka riƙa rikita ta da kalmar tsibiri, har harafin ya tsallako ya zauna.

Kawu ya gyara zama. "Tsaya, Malama. Kika ce su wa suka rikice?"

"Mutanen Ingila."

"Masu harshen da kansu?"

"Su da kansu."

Ya juyo gare ni a hankali, fuskarsa cike da annuri. "To kin ji. Ni da masu abin bakinmu ɗaya. Ke ce bare a cikin maganar nan."

Har muka iso gida bai bar ni na yi magana ba. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya tsayar da shi ya ce an je jami'a an tabbatar. A gaban Baba ya taƙaita bayanin da cewa asali dai tsibiri ne da fiffike, amma zamani ya zo da sauƙi, yanzu a tudu ake yi. Baba bai damu da wanda ya yi nasara ba. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya sa aka mayar wa mai faci tiyub ɗinsa.

Sai da murnar ta lafa sannan muka fuskanci ainihin abin da aka roƙe shi. Cikin coci zai shiga, a gaban jama'a, a unguwar da mutanenmu suka rage zuwa tun bayan rikici. A lokacin zukata ba su gama warkewa ba, ko 'yan acaɓa akwai inda suke kai mutum su ce iyakarsu ke nan. Wasu abokan Baba suka ce ya aika da gudummawa kawai ya ba da uzuri. Umma ba ta hana shi ba, amma na ji tana ce masa a hankali, "Malam, ka duba lamarin nan. Hankalina bai kwanta ba."

Baba yana zaune yana warware zaren falmaran ɗin nan don kada yadin ya tafi a banza. Can ya ce, "Ba ibadarsu zan je yi ba, addinina yana nan inda yake. Yarinyar nan a gabana ta koyi tafiya. Lokacin da na ɗauka ruwa ne na yarda zan shiga, yanzu da ya zama daɓen siminti ne zan ce ba zan iya ba?"

Washegari Umma da kanta ta fita ta sayo masa shadda fara.

Aka shiga gwaji. Matsalar Baba ita ce sauri, in yana tafiya sai ka ce an ce masa shago ya kama da wuta. Kawu ya jera bokitan Umma layi biyu a tsakar gida, ni ce amarya da labule a ka, shi kuma yana tsaye a bakin madafa yana kwaikwayon kiɗan coci da hanci. In Baba ya ɗauki hanya, kafin in ɗaga ƙafa ya isa bakin rijiya. Kawu ya yi ta tsawa, "A hankali, Malam! Amarya ce, ba ɓarawo ka kama ba!" Ya kuma so ya tilasta masa ya riƙa buɗe hannayen babbar riga saboda asalin kalmar, Umma ta ce in an yi haka ita ba za ta je ba.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga tasi mu huɗu. Muka wuce Gada Biyu, muka isa cocin. A harabar cocin mutane suka yi ta kallon farar babbar rigar Baba da hularsa, mu ma muna kallonsu, kowa ya yi tsuru-tsuru. Sai ga uwar amarya ta keto taron da gudu, ta rungume Umma, suka fashe da kuka su biyun. Daga nan aka fara miƙo hannu ana gaisawa.

Ni da Umma da Kawu aka zaunar da mu a gaba. Aka fara kiɗa, kowa ya miƙe ya juya yana kallon ƙofa. Ga amarya cikin farar riga, ga Baba a gefenta. Sai na ga ya sunkuya. Wurin ibada ne, shi kuwa tunda aka haife shi bai taɓa shiga wurin ibada da takalmi ba. Ya tuɓe su, ya jera su a bakin ƙofa, ya shigo da safa. Amarya ta miƙo hannu za ta saƙala a nasa, kunya ta kama shi, ya miƙa mata bakin hannun rigarsa. Ta kama ta riƙe, kafaɗunta na rawa a ƙarƙashin mayafi don dariya.

Gwajin Kawu ya yi aiki fiye da kima. Baba ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙwai, ya ajiye, ya tsaya, ya numfasa. Mai kiɗa ya kai ƙarshen waƙarsa, ya leƙo, ya ga ko rabi ba a yi ba, ya koma farko. Wata tsohuwa mai kula da ƙofa ta ga takalman baƙo a yashe, ta ji ba daidai ba ne, ta ɗauke su ta biyo bayansu tana riƙe da su a ƙirji, ita ma da irin takunsu. Ɗaya hannun babbar rigar kuma ya kamo wani ƙyallen ado da aka ɗaura a jikin benci, ya taho da shi har da furanninsa suna jan ƙasa. Kawu ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya daga inda muke, "Ƙara wuta kaɗan, Malam!" Cocin gaba ɗaya ya ɗauki dariya.

Da ƙyar aka iso. Fasto ya share hawayen dariya, ya yi tambayar da ake yi, da Turanci sannan da Hausa, wa ke ba da wannan yarinya aure. An riga an koya wa Baba cewa kalma ɗaya zai faɗa, ya ce ni, ya koma ya zauna. Ya ce, "Ni ne." Amma bai tafi ba. Ya juya ya fuskanci ango.

"Yaro, ka saurare ni. Uban yarinyar nan ɗan'uwana ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa. Da zai tafi ya bar mini ita amana, yau na ɗauka na ba ka. Ba ta son a yi mata tsawa, tun tana ƙarama in an yi mata sai ta ƙi cin abinci. Ka riƙe ta da kyau. In ka ga ba za ka iya ba, kada ka wulaƙanta ta, ka kawo mini abata. Kowa ya san shagona a Anguwan Rogo."

Ango ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Na ji, Baba." Sai wata mata daga baya ta rangaɗa guɗa, wasu suka kama, aka ɓarke da tafi. Amarya ta saki hannun rigar ta faɗa jikin Baba tana kuka, shi kuma ya rasa yadda zai yi da hannayensa, ya riƙa shafa iska a saman kanta yana cewa, "Ya isa, 'yata, za ki ɓata kwalliyar." Na waiga na ga Kawu yana goge ido da gefen kwat. Da ya ga ina kallonsa ya ce turaren wurin ne ya yi masa yawa.

Ba mu baro unguwar ba sai bayan la'asar, don wani dattijo ya ja Baba da Kawu gidansa, ya ba su ruwan alwala da wuri mai tsabta suka yi salla. Muka dawo da kulolin abinci a kan cinyoyinmu, Baba yana ta mitar cewa telan da ya ɗinka rigar amarya bai iya kalmasa ba.

Yanzu ni ma na manyanta, ina da 'ya'yan da ke yi mini dariya in na karya Turanci. Nakan gaya musu su riƙa tambaya in ba su gane magana ba, domin kunyar tambaya ta kusa sa kakansu ya nitse a rigar soso. Amma abin da ya fi zauna mini a rai daban ne. A shekarun nan na ga mutane da yawa masu ɗaukar alkawari a bakin gadon mara lafiya, suna hawaye, bayan sadakar bakwai ba a ƙara ganinsu. Baba ya amsa wa marainiya tun bai san abin da ta roƙa ba, da aka ce masa abin zai iya cin ransa bai nemi hanyar gudu ba, ya hau shiri da ɗan abin da ya iya. Tun daga ranar na koyi cewa in wanda ke da haƙƙi a kaina ya kira ni, in fara amsawa, tsoron kuma in ji da shi a hanya.